Tambayar da Ba Ni da Lasisin Yi

Nafisa, na saurari saƙon da kika turo min, na kuma ji muryoyin ƙawayenki a bayanki suna dariya. Kin ce ku huɗu kun shiga wani karatu na mako shida a waya, in kun gama za a ba ku satifiket na masu ba wa mai damuwa shawara, ku buɗe shafi ku fara karɓar mutane. Kin ce, "Ai Mama ma abin da take yi ke nan a Doha, hira da shan shayi." Ban ji haushi ba. Na dai ce bari in zauna in rubuto muku da wannan hannun nawa na ajin yaƙi da jahilci, wanda ba ya sauri amma yana isa inda aka aike shi. Ku karanta tare. Wadda ta fi dariya ita za ta riƙe takardar.

Da farko in gyara miki wani abu. A katina na zaman ƙasa, aikin da aka rubuta shi ne shara. Ni mai shara ce a wani ƙaramin asibiti a unguwar Ain Khaled, inda kamfanoni ke turo ma'aikatansu. A can ƙarshen baranda akwai ɗaki mai kujeru uku, na likitar damuwa, Dakta Huda, 'yar ƙasar Jodan. Ita ba ta jin Hausa. Ni kuwa na yi shekara tara ina jinyar wata tsohuwa Balarabiya kafin in zo nan, kunnena ya kama Larabci. Saboda haka in an kawo mutumin ƙasarmu, sai a leƙo a ce, "Yalla, Ummu Nafisa," in jingine sandar goge ƙasa, in wanke hannu, in shiga in zama tafinta. Ummu Nafisa suke kira na. Larabawa ba sa kiran mace mai 'ya'ya da sunanta, sai su ce uwar wane, da sunan ɗanta na fari. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai bokiti da sandar goge ƙasa, waɗanda su ne gwamnati ta sani. Akwai flas na shayi mai madara da citta, da kwalin tishu, da kujera. Kujerar ita ce mai wuyar koyo. In kin ajiye ta daidai gaban mutum, kin mai da shi wanda ake tuhuma. In kin kai ta nesa, kin mai da shi mai cuta. Ana ajiye ta a gefe, ta ɗan karkata, yadda in ya ga dama ya kalli bango yana magana. Tishu kuma ba a miƙa shi. Wanda aka miƙa wa tishu ya san an ga idonsa, sai ya shanye hawayen. Ajiye shi ake yi inda hannunsa zai kai, kamar mantuwa aka yi.

Wannan ba a Doha na koye shi ba. A Azare na koya, wajen Gwaggo Hanne, wadda duk gidan da aka yi rashi a unguwarmu ita ake aika wa kafin a aika wa mai haƙa kabari. Ina biye da ita tun ina goyon fari. Ba ta da wa'azi. Sau ɗaya take cewa "sai haƙuri," daga nan sai ta jawo ƙwarya ta zauna gefen mai makoki tana ɓarar gyaɗa. Wata rana na yi ta zuba wa wata baiwar Allah nasiha har bakina ya bushe, da muka fito Gwaggo ta ce, "Asabe, kin ji daɗin maganarki?" Na ce to. Ta ce, "Madalla, da ke aka yi wa mutuwar da kin warke."

To, ku da kuke jiran satifiket bayan mako shida, bari in ba ku labarin Sista Rifkatu. 'Yar Pankshin ce, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Kano. Ta yi karatun jami'a a kan ciwon ƙwaƙwalwa da damuwa, ta yi shekaru tana aiki a asibitin masu taɓin hankali a gida, aka ɗauko ta aka kawo ta nan. Ranar da ta iso ta ɗauka washegari za ta fara ganin marasa lafiya. Aka ce mata sai lasisi. A nan ba wanda zai zauna da mai damuwa a matsayin ma'aikaci sai hukumar lafiya ta ba shi izini a rubuce. Za a duba takardar digiri, kuma ba a yarda da wadda ke hannunki ba, sai an rubuta wa makarantar an tambaya ko da gaske kin zauna a ajinsu. Za a rubuta wa inda kika yi aiki a tambayi shekarunki. Za a nemi shaidar cewa ba a taɓa kama ki da laifi a kan aiki ba, da ta 'yan sanda, da gwajin jini. Wasu har jarrabawa suke sake zama, da furfurarsu. Bayan duk wannan, lasisin na wurin da kike aiki ne, kuma yana ƙarewa, sai kin nuna kin ci gaba da karatu kafin a sabunta.

Ana tsakiyar duba takardun Rifkatu sai korona ta faɗo. Makarantarsu a gida ta rufe, babu mai buɗe wasiƙa balle ya amsa. Ta kai kusan shekara tana jira. A shekarar da mutane suka fi bukatar wanda zai saurare su, aikin da aka iya ba ta shi ne ta tsaya a bakin ƙofa da na'urar auna zafin jiki tana nuna wa mutane a goshi. Nakan wuce da bokitina in ce, "Sista, yaya marasa lafiya?" Ta ce, "Mama, duk wanda na gani yau talatin da shida ne da ɗigo. Allah ya ba ni hannu mai albarka."

Ita ce ta koya min dokar ɗakin can, a lokacin cin abinci, muna zaune nesa da juna da takunkumi a haɓa. Abin da mutum ya faɗa shi za ki faɗa, kada ki ƙara, kada ki rage. Kada ki yi tambaya taki. Abin da kika ji a ɗakin ya mutu a ɗakin, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shi ya sa sunayen marasa lafiyar da za ku gani a nan ba nasu ba ne, ni na raɗa musu.

Shekarar korona ita ce muguwar shekara a wannan aikin. Jirage sun tsaya. Mutum yana ɗakin kamfani za a kira shi a ce uwarsa ta rasu, a nuna masa makara a waya, layi ya yanke kafin a kai kabari. Kamfanoni suka fara turo mana sunaye a kira a duba hankalinsu. Dakta tana da fom mai tambayoyi, ita tana karantawa, ni ina fassarawa. Kana barci? "Alhamdulillahi." Kana cin abinci? "Mun gode Allah." Kana jin baƙin ciki? "A'a, Hajiya, lafiya lau, yaya naku aikin?" Dakta tana ta saka alama a gidan lafiya. A ƙarshen wata ta dube ni ta ce mutanen ƙasarmu sun fi kowa ƙarfin zuciya a duk waɗanda ta gani. Na ce haka ne, Dakta. Mutumin da ko a gadon mutuwa aka gaishe shi zai ce da sauƙi, wa zai faɗa wa baƙuwar mace a waya cewa ba ya barci?

A cikin shekarar nan na yi kuskuren da ya rufe min baki. Akwai wani birkila, Awudu, ɗan Zangon Kumasi, da yake zuwa wankin rauni a ƙafa. Kullum in ya fito sai ya tsaya inda nake gogewa ya ce, "Mma, ina jin ana kirana a cikin bango." Na ce kewar gida ce. Na zuba masa shayi, na ce ya riƙe azkar, ya kira matarsa. Mako biyu muna haka, ni ina ganin ina aikin Gwaggo Hanne, ban gaya wa kowa ba. Rifkatu ce ta ji mu wata rana daga bakin ƙofa. Ta ajiye na'urarta ta je ta kira Dakta da gudu. Ashe ciwo ne na ƙwaƙwalwa mai suna, mai magani, kuma muryar ta fara ce masa ya hau saman bene. Aka kai shi babban asibiti, ya yi makonni, ya warware. Shayina bai yi masa komai ba sai jinkiri.

Manaja ya kira ni ofis. Ya ce in an ji mai shara tana duba marasa lafiya ba lasisi, asibitin za a rufe, ni kuma a sa ni a jirgi. Ya ce, "Ke bututu ce. Magana ta shiga nan, ta fita nan. Halas, shi ke nan." Na ce na ji. Gaskiyarsa ce kuma. Duk wanda zai ce muku lasisi takardar banza ce, ku tambaye shi ko ya san bambancin mai kewar gida da wanda bango ke kira. Ni ban sani ba. Rifkatu ta sani, domin an zaunar da ita shekaru an koya mata.

Daga ranar na zama bututu na gari. Lasisin Rifkatu ya fito daga baya, muka sha lemo. Har aka shiga hidimar gasar ƙwallon duniya ban ƙara ko wasali a kan maganar kowa ba.

Zulai ta zo mana ana saura 'yan kwanaki a fara ƙwallon. Mai gyaran ɗakuna ce a wani otal a Lusail, ta hannun wani kamfanin shara, 'yar wajen Malumfashi, ba za ta wuce arba'in ba. Sufabaizarsu ce ta turo ta da takarda. A da ita ce ake misali da ita. Yanzu kuma sai ta shimfiɗa gado ta yaye ta sake shimfiɗawa, har aka same ta ta yi awa biyu a ɗaki ɗaya tana tsaye gaban gadon jariri da wasu baƙi suka sa aka kawo musu. An ba ta takardar gargaɗi ta farko. A kamfaninsu ta uku ita ce jirgi. Kuma sun rufe hutu har a gama ƙwallo, sai ga wanda uwa ko uba ko miji ko ɗa ya rasu masa, ko wanda likita mai lasisi ya rubuta masa.

Dakta ta ɗauko fom. Barci? Alhamdulillahi. Abinci? Alhamdulillahi. Ko wani abu ya faru a gida kwanan nan?

Zulai ta gyara mayafinta ta ce, "Wata yarinya ce a gidanmu Allah ya yi wa cikawa. Wajen haihuwa."

"Mece ce ita a gare ki?"

"'Yar gida ce. 'Yar ɗakin Iya."

Dakta ta buɗe fayil ɗin da kamfani ya haɗo. 'Ya'ya uku, ga sunayensu, duk suna makaranta, duk suna raye. Ta yi mata ta'aziyya, ta tambayi yadda abin ya faru. Zulai ta ba da labari tiryan-tiryan. Ta faɗi sunan mijin yarinyar. Ta faɗi sunan ungozoma, da na mai motar da ya kai su asibiti, har da na maƙwabciyar da ta ara musu zani. Sunan yarinyar ne kaɗai bai fito ba. Sau bakwai ta zo wurin, sau bakwai ta ce "ita yarinyar."

Nafisa, tun a na biyu na gane. Kowace mace a Azare ko Malumfashi za ta gane. Mutum ɗaya ne a duniya da mace ke zagaye sunansa haka bayan mijinta, shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunan, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, da an yaye shi kaka ta ɗauke. In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, daga na biyu take fara ƙirga. Ko da mai cike fom ya tambaye ta a Kano kafin ta taho, uku ta ce masa, kuma a ganinta ba ta yi ƙarya ba, kunya ta yi.

Na fassara kowace kalma daidai. Ban ƙara ba, ban rage ba. Dakta ta rubuta cewa gajiya ce da alhinin rasuwar wata 'yar uwa, ta huta kwana biyu ta koma aiki. Ta buga hatimi. Ni kuma na koma kan bokitina, na goge barandar nan har sau biyu. Zan iya ce muku tsoron manaja ne ya hana ni magana, kuma da shi. Amma har da wani abu: ni ma kunyar nake ji. Mace ta rufe abinta da kyau haka, ni ce zan yaye mata a gaban baƙuwa?

Aka fara ƙwallo. Gari ya cika da tutoci, jirgin ƙasa ya cika da mutane masu fenti a fuska, ranar hutuna na je kasuwar Souq Waqif sayen citta na kasa samun wurin taka ƙafa. Ana cikin mako na biyu aka sake turo Zulai, da gargaɗi na biyu a hannu. Ta bar keken kayan shimfiɗa a cikin lif ta tafi, ba ta san ta bari ba. Sufabaiza ta rubuta cewa ko likita ta faɗi abin da ke damunta, ko su sallame ta su kawo wata, ba su da lokaci. An sa mata ganin Dakta washegari ƙarfe goma. Na same ta a benci, ta rame har zoben hannunta yana juyawa.

Na ce, "Zulai, an yi sadakar bakwai?"

Ta ce, "An yi, Yaya."

"Abin da aka samu fa?"

"Yana nan. Namiji. Iya ce ke fama da shi, ga ta ba ƙarfi."

"Ki gaya wa likita mana."

Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe mayafi a kasuwa. Ta ce, "In ce mata me, Yaya?"

Na zauna a gefenta ina lissafi. Ga yara uku da kuɗin makarantarsu ke fitowa daga gadajen otal ɗin nan, ga jariri, ga tsohuwa. In aka sallame ta, za ta je gida, amma ba za ta dawo ba. In ta samu takarda, za ta je ta dawo. Maganar da za ta raba biyun ba ta fi kalma uku ba, kuma daga ita har ni babu mai iya faɗa.

Da la'asar na kira Rifkatu. An mai da ita wani asibitin tanti kusa da filin wasa. Na ce yaya aiki, ta ce, "Mama, yau ƙatti uku na yi wa fifita, an ci ƙasarsu. Ɗaya ya ce rayuwarsa ta ƙare. Na duba lasisina, na ga ya halatta in ba shi ruwa." Na ba ta labari ba tare da suna ba. Ta ce, "Ba ki da ikon cewa ga ciwon wance, ko ga abin da wance ta ɓoye. Wannan na likita ne. Amma ban san dokar da ta hana mai shara ta ba likita labarin garinsu ba."

Washegari na kai wa Dakta shayinta ƙarfe tara kamar kullum. Maimakon in fita, sai na tsaya ina goge teburin da na riga na goge.

Ta ce, "Lafiya, Ummu Nafisa?"

Na ce, "Dakta, shekara uku kina kira na da sunan nan. Nafisa fa ita ce auta. 'Ya'yana biyar."

Ta ajiye kofi. "To me ya sa kika ba mu sunanta?"

"Kun tambaye ni sunan na fari. A wajenku girmamawa ce a kira mace da shi. A wajenmu ba ma faɗinsa. Da kuka matsa, sai na ba ku na wadda bakina zai iya ɗauka."

"Ko a takarda?"

"Wasu ko a takarda. Ko ya mutu ma, ba uwar ce ke kuka a fili ba. Sai ta ce wani yaro ne a gidanmu."

Dakta Huda mace ce mai karatu. Ban ambaci kowa ba, ita ma ba ta ambata ba. Ta dai jawo wani fayil daga ƙasa ta buɗe, ta daɗe tana kallon wurin da aka rubuta uku. Ta ce ba za ta iya rubuta abin da mara lafiya bai faɗa ba, hatiminta a kan abin da ta ji da kunnenta yake hawa. Ta ce to in ta tambayi matar kai tsaye ko 'yarta ce fa? Na ce za ta ce 'yar Iya ce, kuma daga nan ba za ki sake jin komai ba sai alhamdulillahi.

"To me zan tambaya?"

"Ni mai shara ce, Dakta. Ba ni da lasisin tambaya."

Ta cire tabarau ta ce, "Yalla, Ummu Nafisa. Ni ina da shi. Ara min tambayar, ni zan yi ta."

Na ara mata. Ta rubuta a gefen takarda.

Ƙarfe goma Zulai ta shigo. Na riga na karkata kujerar, na manta tishu a inda ya kamata. Dakta ta ajiye fom a gefe, ta tambayi jariri, ta tambayi Iya da ƙafarta. Sannan ta duba gefen takardarta ta yi tambaya da Larabci, ni kuma na juya ta Hausa kamar yau na fara jin ta.

"Likita ta ce, ranar da aka haifi yarinyar nan, ke kina ina?"

Zulai ta kalli bango. Dakta ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, na ɗan taka ƙafarta a ƙarƙashin tebur, abin da babu shi a cikin dokokin Rifkatu. Ta rufe bakin.

Can Zulai ta ce, "Ina ɗakin Iya. A kan tabarma. Damina ce, rufin yana yoyo, aka tara ƙwarya a gefena. Kwana biyu na yi a durƙushe."

Na fassara. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Daga nan ba a sake tambayarta komai ba, ita ta ci gaba. Ta ce wata goma sha tara ta ba ta nono, ranar yaye Iya ta goya ta ta tafi. Ta ce yarinyar Yaya take ce mata. Ranar bikinta ma ba ta shiga ɗakin da ake yi mata lalle ba, tana can bayan gida tana wanke tukwane. Ta ce ana saura kwana uku abin ya faru yarinyar ta kira ta a waya, tana cikin abokan aiki a motar kamfani, sai ta ce mata, "To, to, a gai da Iya," ta kashe, kada a ce tana rawar jiki a kan 'yar fari. Nan hannunta ya sami tishun da kansa.

Har ta gama ba ta ce "'yata" ba, ba ta kuma faɗi sunan ba. Ba a bukata. Dakta ta ji da kunnenta wadda ta yi naƙuda. Ta rubuta wasiƙa cewa wannan ma'aikaciya ta rasa 'yar da ta haifa, tana cikin alhini mai tsanani, tana bukatar hutu ta je gida, in ta dawo ta ci gaba da zuwa ganin likita. Ta sa hannu, ta ɗauko hatimin nan mai lambar lasisinta ta buga. Wannan ƙarar, tim, ita ce abin da shayina da kujerata da duk ilimin Gwaggo Hanne ba za su iya yi ba. Kamfani bai yi musu ba. Ba sa musu da hatimi.

Zulai ta tafi ana tsakiyar ƙwallo, a jirgin da ya kawo 'yan kallo zai koma ba kowa. Ta samu sadakar arba'in. Ta dawo bayan an kwashe tutoci, aikinta yana nan, ta yi watanni tana zuwa wajen Dakta duk mako biyu. Ta kawo min yaji da daddawa, ta nuna min hoton jaririn a waya. Sunansa Sadiku. A zama ɗaya sai da ta faɗi sunan ya fi sau goma, tana ce masa mijinta mai rowa, ko sisin cefane bai bayar ba. Jika ba a kunyarsa.

Tambayar kuwa ta yi gaba. Dakta ta je wani taron likitoci na ƙarin karatu, irin wanda ake ƙirga musu wajen sabunta lasisi, ta yi bayani a kanta, aka tafa mata. Ta gaya musu daga bakin wa ta samo, ban ce ta ɓoye ba. A ƙarshen shekara ni ma asibiti ya ba ni satifiket mai zanen zinariya a gefe. Na kai wa Rifkatu ta karanta min Turancin. Na ma'aikaciyar da ta fi kowa tsabtar baranda ne.

Saboda haka, ke da ƙawayenki, ban hana ku karatun mako shida ba, ilimi ba ya yawa. Amma kada ku buɗe shafin nan. Wata rana wani Awudu zai rubuto muku, ku ce masa kewar gida ce. In da gaske kuke, ku koma makaranta ku yi mai tsawon, a bincike ku, a wahalar da ku, a ba ku hatimi. Kafin nan, duk gidan da aka yi rashi a unguwa ku je ku zauna a gefe, ku ɓare gyaɗa, ku rufe baki. In kun haɗa biyun, kun fi ni, kun fi Dakta, ba sai an taka ƙafar kowa a ƙarƙashin tebur ba.

Har yau Ummu Nafisa take kira na. Sau ɗaya dai, da na kai mata shayi, ta riƙe hannuna ta ce, "Yanzu da muka saba, tsakanina da ke, shi na farin, yaya sunansa?"

Na ce, "Dakta, shayinki zai huce."

Ki gai da ƙawayenki. In kin je Kaduna, ki gai da mutanen gidan babban yayanku, ki ce wa shi maigidan na ga hoton yaran.